Ayyuka huɗu, kafintoci shida: yadda ake haɗa jadawalin Gantt guda ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ofishin kwangilar kawuna a Kumasi. Ayyuka huɗu ne a hannunmu yanzu: ginin ajujuwa shida a Asokore Mampong, benen shaguna a Aboabo, gyaran sito a Tafo, da rijiyar burtsatse da tankinta a wajen Ejisu. Kowanne na yi masa jadawalin Gantt nasa a Microsoft Project, kuma idan ka duba kowanne shi kaɗai, lafiya lau yake. Amma a fili duk huɗun makara suke yi. Kafintocinmu shida ne, injin kwaɓa kankare ɗaya, injiniya ɗaya. Yaya zan haɗa su a jadawali ɗaya in riƙa ganin gaskiyar lamari?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ai ka riga ka faɗi ciwon da bakinka a ƙarshen tambayar. Jadawalan nan huɗu ba ƙarya suka yi maka ba, kowannensu dai yana lissafi ne kamar kafintocin nan shida nasa ne shi kaɗai. Hanyar lissafin da manhajar Microsoft Project da takwarorinta suke bi ta samo asali ne tun 1957, lokacin da kamfanin DuPont na Amurka ya fara tsara gyaran masana'antunsa da ita, kuma abu biyu take dubawa: wane aiki ne ke gaban wane, kuma kwana nawa kowanne zai ci. Ba ruwanta da ko akwai mai yin aikin a ranar, sai in kai ka tilasta mata ta duba. Sandunan da ake zanawa a jadawalin kuwa, sanda ɗaya ga kowane aiki, waɗanda suka ɗauki sunan Henry Gantt tun wajen 1910, su ma lokaci kawai suke nunawa. Saboda haka idan ka jera fayiloli huɗu a shafi ɗaya ka tsaya nan, doguwar takarda ka samu, ciwon yana nan inda yake. Haɗin da ke da amfani shi ne wanda zai sa ayyukan huɗu su ci daga kwano ɗaya na ma'aikata da injuna, har manhajar ta ga inda hannu biyu suka haɗu a kan loma ɗaya.

Kafin ka taɓa kwamfuta, yi wannan lissafin a takarda, domin shi ne za ka kai wa kawu. Mu ƙaddara aikin katakon dekin ajujuwa kwana 10 ne, daga rana ta 1 zuwa ta 10. Na shagunan Aboabo kwana 8 ne, jadawalinsa ya ce daga rana ta 6 zuwa ta 13. Katakon linta da ginshiƙan siton Tafo kwana 6, daga ta 8 zuwa ta 13. Aikin kwana 24 ke nan na ayari ɗaya, an cusa shi cikin kwana 13.

Abin da aka saba yi shi ne duk mai ginin da ya fi ɗaga murya a waya, a tura masa kafintoci kwana biyu don ya yi shiru. Bi wannan al'adar da alƙalami ka gani. Kwana biyar na farko suna makaranta, daga nan kwana biyu Aboabo, biyu Tafo, biyu makaranta, haka ake ta juyi. Tafo zai ƙare a rana ta 21, makaranta ta 22, Aboabo ta 24. Wato Tafo ya makara da kwana 8, makaranta da 12, Aboabo da 11, jimla kwana 31 na makara. Ban ma sa asarar kwashe kaya ba: ƙaura goma aka yi, idan kowace ta cinye rabin yini wajen loda zarto da guduma da jiran mota, an ƙara kwana biyar. Yanzu bar su su gama makaranta tukuna, sannan Tafo, sannan Aboabo. Makaranta ta ƙare a rana ta 10 kamar yadda aka tsara, Tafo a ta 16, Aboabo a ta 24 ɗin dai. Makarar duka kwana 14, ƙaura biyu kacal. Lura da kyau: Aboabo bai yi asarar ko yini ɗaya ba idan aka kwatanta da rabon kwana bibbiyu, amma sauran biyun sun tsira. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Aikin babban jadawali shi ne ya nuna maka irin wannan karo tun makonni shida kafin ya zo, lokacin da sauya jeri bai fi danna maɓalli ba.

To, ga yadda ake gina shi. Fara da kalanda, domin nan ne yawancin haɗi ke lalacewa tun ba a soma ba. Microsoft Project tana zuwa da kalandar Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8 zuwa 12, sannan 1 zuwa 5, awa 8 a rana, 40 a mako, babu hutun kowace ƙasa a ciki. Idan fayil ɗaya yana aiki ranar Asabar ɗaya kuma ba ya yi, kwana 10 na wannan ba kwana 10 na wancan ba ne. Ka gina kalanda ɗaya ta kamfani a wurin da aka rubuta Change Working Time, ka kwafa ta cikin sauran fayilolin ta Organizer. Sa ranar 'yancin kai 6 ga Maris, 1 ga Mayu, Juma'a da Litinin na Ista, ranar manoma wadda ke faɗawa Juma'ar farko ta Disamba, Kirsimeti da washegarinta, da sallolin nan biyu. Sallah ba ta zama a rana ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11, don haka da hannu za ka sa ta, kuma ka sa kwanakin da ma'aikata ke ɗauka a zahiri, ba wanda gwamnati ta bayar ba. Magini da ya tafi Tamale ko Bawku yin sallah ba washegari yake dawowa ba. Ranar Juma'a ka cire awa biyu na masallaci. Asabar kuwa, duk wanda ya zauna a Kumasi ya san ranar jana'iza ce a wurin Asante, saboda haka kada ka ɗora zubin kankare mai neman kowa da kowa a kanta. Lissafa ta rabin yini. Ka kuma tuna dokar ƙwadago ta 2003 ta ɗauki awa 8 a rana ko 40 a mako a matsayin ƙa'ida, abin da ya haura nan ƙarin lokaci ne da ake biya.

Akwai wani ɗan tarko a nan. Ko ka mayar da kalanda kwana shida a mako, idan ka rubuta tsawon aiki da makonni, manhajar za ta ci gaba da ɗaukar mako a kwana biyar har sai ka gyara adadin awanni a Options. Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙa rubuta komai da kwanaki. Bushewar kankare kuma daban take: siminti bai san Lahadi ba. Idan injiniya ya ce a bar turakun dekin kwana 21, rubuta 21ed, ba 21d ba, domin harafin e ɗin ne ke sa a ƙirga har da ranakun hutu. Wanda ya manta wannan yakan ƙara wa kansa kwana uku ko fiye na jira a kowane bene ba gaira ba dalili.

Damina ma ta kalanda ce. Ruwan Kumasi kashi biyu ne: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarami daga Satumba zuwa wajen Nuwamba. Yi kalanda ta biyu ka kira ta ta aikin waje, ka cire mata yini ɗaya ko biyu a kowane mako na waɗannan watanni, ka ɗaura ta a kan haƙa harsashi, zubin kankare, rufin kwano da fentin waje kaɗai. Wayarin da tayil na cikin ɗaki su zauna a kan kalandar kamfani.

Bayan kalanda sai wankin kowane fayil, domin datti ɗaya a ƙaramin fayil yakan bazu cikin babban. Duba cewa kowane aiki yana kan lissafin kai-da-kai, wato Auto Scheduled. Tun fitowar 2010 manhajar tana barin sababbin ayyuka a kan na hannu, irin waɗannan kuwa ba sa matsawa da kansu idan na gabansu ya makara. Kada ka buga ranar farawa da hannunka. Da zarar ka buga, manhajar ta kafa wa aikin turke cewa ba zai fara kafin ranar ba, kuma za ka ga ɗan hoton kalanda a gefen layin. Ranar da aka yi alkawarin miƙa gini ka sa ta a gurbin Deadline, wanda ke gargaɗi idan an wuce ba tare da ya ɗaure lissafi ba. Kowane aiki ya zama yana da na gabansa da na bayansa, in ban da na farko da na ƙarshe. Tsawon kowanne kuma ya tsaya tsakanin kwana 2 da 10. Layin da aka rubuta "ginin bulo, kwana 45" ba ya gaya wa kowa komai. Raba shi bene-bene ko ɓangare-ɓangare.

Yanzu kwanon da na ambata. Buɗe sabon fayil wanda babu aiki ko ɗaya a cikinsa, ka rubuta ma'aikata da injuna kaɗai, ka adana shi da suna kamar Rumbu. Sannan ka buɗe kowane fayil na aiki, ka shiga Resource Pool, ka zaɓi Share Resources, ka nuna masa Rumbu, ka bar zaɓin da ke cewa maganar rumbu ce a sama idan an sami saɓani. Kafin haka ka daidaita sunaye. Idan fayil ɗaya ya ce "Kafinta", wani "Kafintoci", wani "Masta da yaransa", manhajar za ta ɗauka ayari uku gare ka, kuma ba za ta taɓa ganin karo ba. Wannan kuskuren shi kaɗai ya isa ya sa duk wahalar ta tashi a banza.

Ba kowa ne zai shiga rumbu ba. Leburan da za ka iya samu da asuba idan ka aika ba su ne ke tsayar da kai ba. Sa abin da in babu shi aiki ya tsaya kuma ba a samunsa da waya ɗaya: ayarin kafintoci, masu ɗaurin rodi, injin kwaɓa kankare da injin girgiza shi, tifa, injiniya, mai wayarin da ka yarda da shi, da katako da turakun dekin idan saiti ɗaya kuke juyawa. Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba sa sa shi, alhali turakun da ke ƙarƙashin dekin makaranta na kwana 21 ba za su je Aboabo ba ko da kafintoci sun zauna hannu rabbana. Layi takwas zuwa goma sha biyu sun ishe ka.

Kafintoci shida za ka iya rubuta su 600%, ma'ana mutum shida da ake iya rabawa. Amma idan a zahiri masta ɗaya ne kuma yaran ba sa aiki sai yana tsaye, rubuta su ayari ɗaya, 100%. Abin da ke faruwa a fili za ka rubuta, ba abin da ke cikin takardar albashi ba. Injiniya kuma kada ka raba shi kashi 25 a kowane gini. Huɗu sau 25 ɗari ne cif, manhajar ba za ta taɓa yi maka ja ba, wato alamar da take nuna karo da ita, amma ranar da za a duba rodi a Asokore Mampong da safe a kuma zuba kankaren tanki a Ejisu, mutum ɗaya ne zai bi hanyar Accra cikin cunkoso. Ka ware masa ayyukansa a layinsu: duba rodi kafin zubi, yini ɗaya, 100%, tsayawa a kan zubi, yini ɗaya, 100%. Injin kwaɓa kankare shi ma yana da kalandarsa. Idan za a kai shi Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, gyara, rufe waɗannan kwanaki a kalandar injin, ba ta kamfani ba.

Sai uwar jadawali. Sabon fayil kuma, ka shiga Project, ka danna Subproject, ka saka fayilolin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata akwatin Link to project yana da alama. Da wannan alamar, duk gyaran da ka yi a uwa yana sauka cikin 'ya'yan, na 'ya'yan ma yana hawa. Uwar ba ta riƙe ayyukan a cikinta, adireshin inda fayilolin suke kawai ta sani. Saboda haka duka shida, wato uwa da rumbu da 'ya'ya huɗu, su zauna a jaka ɗaya a kwamfuta ɗaya, kada a sauya musu suna, kada a matsar da su. Ranar da wani ya tura fayil ta WhatsApp, aka gyara a wata kwamfuta, aka dawo da shi da suna "Aboabo sabo na ƙarshe", igiyar ta tsinke. Mafi muni shi ne kwafin da har yanzu yake ɗaure da rumbu: sai rumbu ya ƙirga aikin Aboabo sau biyu, ka ga kafintoci sun yi ja ko'ina ba ka san dalili ba. Idan za ka ajiye kwafi don tsaro, kwafe jakar gaba ɗaya ka kulle ta, kada ka buɗe ta don aiki. Mutum ɗaya ne zai riƙa taɓa fayilolin, sauran a ba su PDF.

Da ka haɗa za ka ga wani abin mamaki. Jan layin nan da ke nuna ayyukan da ba su da rarar ko yini ɗaya zai ɓace daga gajerun ayyuka, ya koma kan wanda ya fi kowa nisan ƙarewa. Dalili shi ne uwar tana ɗaukar huɗun a matsayin aiki ɗaya, sai ta ce rijiyar Ejisu tana da rarar wata biyar tunda benen Aboabo bai ƙare ba, alhali mai rijiya nasa alkawarin daban. Je Options, sashen Schedule, ka cire alamar da ke kan Inserted projects are calculated like summary tasks. Kowane aiki zai koma auna rararsa da ƙarshen kansa. Ranar miƙawa da ka sa a gurbin Deadline ita ma tana shiga wannan lissafin, kuma idan rara ta koma ƙasa da sifili, adadin kwanakin da za ka saɓa alkawari ke nan.

Ƙulla aikin wannan gini da na wancan abu ne da za ka yi da rowa. Ƙulli na gaskiya shi ne inda abu ɗaya ke fitowa daga nan ya shiga can: kwantena ɗaya ta tayil da famfuna da za ta fito daga tashar Tema ta ciyar da gini biyu, ko turakun da za a cire a makaranta a kai Aboabo. Irin wannan ka yi masa zango, wato layi mai tsawon sifili, kamar "tayil ya iso sito", sannan ka ƙulla zango da zango. A fayil na biyun zai bayyana da launin toka, alamar cewa daga waje yake. Sayen kayan kansa ka rubuta shi a matsayin ayyuka masu kwanaki: oda, jirgi, fitarwa daga tasha, da tafiyar sama da kilomita 250 zuwa Kumasi. Haka takardar izinin gini daga asambli, wato majalisar gari, da jan wutar ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, duk abin da kake jira daga hannun wani ya sami layinsa. Abin da ba na so ka yi shi ne ka ƙulla katakon Tafo a bayan katakon makaranta don kawai kafintoci ɗaya ne. Ranar da kawu ya ɗauko ayari na biyu, ƙullin zai ci gaba da riƙe Tafo, ba wanda zai tuna dalilinsa. Wannan aikin daidaita nauyi ne. Kuma ka kiyayi zobe, inda makaranta ke jiran Aboabo, Aboabo kuma ta wata hanya yana jiran makaranta; a fayil ɗaya manhajar tana kama shi nan take, tsakanin fayiloli kuwa sai an buɗe su tare yake bayyana.

Daidaita nauyi shi ne inda manhajar ke tura wasu ayyuka gaba har kowane ayari ya zama wuri ɗaya yake a rana ɗaya. Tana buƙatar a gaya mata wa ke gaba. Kowane fayil yana da lambar fifiko a Project Information, daga 0 zuwa 1000, kuma kowa yana farawa da 500. Ka ba su lambobi masu tazara, misali 800, 600, 400, 200. Lambar 1000 ma'anarta kada a taɓa wannan ko kaɗan, don haka kada ka ba kowa ita sai aikin da ranarsa ta kafu da gaske. A Leveling Options zaɓi na hannu, ba na kai-da-kai ba, in ba haka ba duk harafin da ka buga jadawalin zai yi tsalle. Jerin daidaitawa ka sa shi a kan Priority, Standard, domin idan ka bar shi yadda ya zo, lambobin fifikon ba su ne za a fara dubawa ba. Ma'aunin duba karo ya zama rana-rana. Idan ka sa mako-mako, zubi biyu a ranar Talata ɗaya za su wuce ba a gani ba tunda awannin makon ba su cika ba. Cire alamar da ke ba ta damar tsinka aiki gida biyu, in ba haka ba za ta mayar da kai rabon kwana bibbiyun da muka gudu. Zagayen farko ka ce ta daidaita cikin rara kaɗai, ka ga karo nawa za su warware ba tare da ranar miƙa kowa ta motsa ba. A misalinmu, idan Aboabo yana da rarar kwana 12 saboda rodinsa bai iso ba, tura katakonsa kwana 11 bai cuci kowa ba. Abin da ya rage bayan wannan zagayen shi ne ainihin matsalarka. Yi shi ayari ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wanda ya fi ƙaranci, ka duba sakamakon a Leveling Gantt inda ake ganin wurin da sanda take a da da inda ta koma. Idan bai yi maka ba, Clear Leveling zai mayar da komai.

Lambobin fifikon nan ba kai za ka yanke su ba, kuma ba kwamfuta ba. Maganar kawu ce. Shi ya san kwangilar da ke da tarar makara, da makarantar da dole a miƙa kafin a koma hutu, da mai ginin da ke biya a kan lokaci, da wanda zumunci ya hana a ɓata masa. Naka shi ne ka kai masa jeri biyu ko uku a takarda: idan makaranta ce gaba, ga ranar ƙarewar kowa, idan Aboabo ne, ga ta kowa, idan an ɗauko ayarin haya na kwana 8, ga abin da zai ci ga kwanakin da zai ceto. Ya zaɓa, ka rubuta ranar da ya zaɓa, kuma a bar shi haka aƙalla wata guda. Fifikon da ke sauyawa duk Litinin daidai yake da babu.

Akwai abu ɗaya da ayyukan huɗu ke rabawa wanda manhajar ba ta daidaita shi: kuɗi. Asusu ɗaya ne ke sayen simintin kowa. Sa zangon kuɗi a babban jadawali, shiga da fita: ranar da za a miƙa takardar neman biya, ranar da kuke sa ran kuɗin a zahiri, ranar sayen rodi, ranar sayen kwano. Idan dekin biyu suka faɗo mako ɗaya kuma biyan da zai ɗauke su yana bayan mako uku, karo ne kamar na kafintoci, sai dai ba zai yi ja ba. Da ido za ka kama shi, ka tura ɗaya da hannunka.

Idan jeri ya zauna, ɗauki hotonsa da Set Baseline. Manhajar tana da gurbi 11 na wannan. Na farkon ka bar shi har abada, domin shi ne alkawarin asali, idan an sake tsari da yardar mai gini ka yi amfani da na gaba. Daga nan sai ciyarwa duk mako, wato shigar da abin da aka yi a fili cikin jadawali, rana ɗaya ga kowa, a ce Alhamis da yamma. Sa ranar lissafi ɗaya, wato ranar da bayanan fili suka tsaya a kanta, a fayilolin huɗu. Idan makaranta an sabunta ta jiya, Tafo kuma tun makonni uku, rumbu yana ba ka labarin da rabinsa ya tsufa. Kada ka tambayi mai kula da fili kashi nawa aka yi, domin amsar kullum 90 ce. Tambaye shi abu uku: yaushe aka fara, an gama ko ba a gama ba, in ba a gama ba kwana nawa suka rage. Bayan ka shigar, yi amfani da Update Project ka tura duk aikin da ba a yi ba zuwa bayan ranar lissafi. Wanda bai yi haka ba zai bar aikin da ba a taɓa ba yana kwance a makon jiya, kafintoci kuma su bayyana kamar ba su da abin yi a mako mai zuwa. Sannan ka sake daidaita nauyi. Kason da kake gani a kan babbar sandar kowane gini kuma kada ka kai wa kowa shi a matsayin kuɗin da aka ci: da tsawon kwanaki ake auna shi, don haka kwana 21 na jiran kankare ya fi yinin zubin nauyi a wurinsa, alhali a yinin ne kuɗin suka tafi.

Takardar da za ka ajiye gaban kawu kada ta wuce shafi ɗaya na A3. Kowane gini layi shida zuwa takwas: harsashi, bulo, dekin, rufi, wuta da ruwa, gamawa, miƙawa. Sama a jera makonni, ba kwanaki ba, wata uku zuwa huɗu a gaba. Ƙarƙashin kowace sanda a ga siririyar sandar alkawarin asali. Shafi na biyu shi ne wanda za a fi amfani da shi: layi ɗaya ga kowane ayari da kowane inji, makonni shida masu zuwa, kowane gurbi da sunan unguwar da za su kwana. Resource Usage zai ba ka wannan, ka tace shi ya bar na rumbu kaɗai.

Game da sauya manhaja, ban ga dalili ba a ayyuka huɗu. Primavera P6 ta Oracle tana ajiye dukkan ayyuka da ma'aikata a ma'ajiya ɗaya, don haka matsalar tsinkewar fayil ba ta taso ba, amma nauyinta da kuɗinta na manyan kwangiloli ne, sai in mai ba da aiki ya shardanta ta. Masu aiki ta intanet kuwa da yawansu suna jera ayyuka a shafi ɗaya da kyau, amma kafin ka biya kuɗin wata-wata da dala a kan kowane mutum, gwada su da misalin kafintocin nan: saka ayari ɗaya a gini biyu a rana ɗaya ka ga ko za ta yi gargaɗi, matsar da zango a gini ɗaya ka ga ko na ɗayan zai bi, sannan ka duba ko tana karɓar kalandar Asabar rabin yini. Ka kuma tambayi abin da zai faru ranar da dumsor, wato matsalar lantarkin Ghana, ya ɗauke wuta da intanet tare kana tsakiyar ciyarwar Alhamis.

Ranar da aiki na biyar ya zo, kafin kawu ya sa hannu, yi masa ƙaramin fayil mai layi goma, ka ɗaura shi a rumbu da lambar fifiko mafi ƙasa, ka daidaita nauyi. Ranar farawa da ranar ƙarewar da suka fito su ne za a faɗa wa mai aikin. Idan ba su yi masa ba, ɗaga lambarsa sama ka ga wanne cikin huɗun zai biya, da kwana nawa. Bayan gwajin, idan ba a karɓi aikin ba, cire fayil ɗin daga rumbu ta Share Resources kafin ka goge shi, in ba haka ba kafintocinka za su ci gaba da bayyana a ginin da ba a taɓa yi ba.